Lamba Mai Ƙarewa da Bakwai-Bakwai

Shafi ɗaya na rubuta a jarida
kan famfon Bolari da ya shekara ko tari bai yi ba.
Kafin la'asar wayata ta yi zafi kamar tandar masa.

"Nawa aka biya ka?"
"Tsohon banza."
Wani ya zagi uwata,
wadda ta shekara goma sha ɗaya a ƙasa, ba ruwanta da famfo.
Wani ya ce ya san ƙofar gidana, koriya ce.
Koriya ce kuwa.

Kowa da dabararsa.
Hammayo, da muka fara rubutu tare, ba ya buɗewa,
sharewa yake kamar mai kakkaɓe tabarma,
amma na ga kofi na rawa a hannunsa.
Malama Asabe ƙanenta ke tsince mata,
ya miƙo tsaba, ya zubar da tsakuwa.
Yaron ya daina dariya tun bara.
Ni da na shekara talatin da jan biro a aji,
gyara musu rubutu nake a zuci:
nan babu aya, nan ɓarawo ya rasa ƙugiyarsa,
uku bisa goma.
Yana taimako, har zuwa ƙarfe biyun dare.

Dija ta ce, "Tura ta cikin buhun gero, ka kwanta."
Na tura. Gero ya yi ta gurnani har asuba.

Akwai lamba guda mai ƙarewa da bakwai-bakwai,
ba ta fashi, kamar mai bin bashi.
Ran Talata, a teburin mai shayi a Jekadafari,
na gaji, na danna kira.

Sai ƙarshen benci ya ɗauki ruri.

Saurayi ne, jarkoki biyu wayam ɗaure a babur ɗinsa.
Shi ne ya matsa mini ɗazu,
ya ce, "Baba, dawo nan, can akwai rana."
Ya dubi wayarsa. Ya dubi tawa.
Cokalin mai shayi ya tsaya a kofi.

Na katse.
Na tura masa rabin burodina.
Bai ci ba, bai kuma ture ba.

Da dare na jawo takarda,
famfon dai bai kawo ba.
Dija ta sayo gwangwanin fenti, shuɗi,
ta ajiye a zaure ba ta ce komai ba.
Na ce ta bari tukuna.