Zauren da Ba Shi da Ƙofa

Wata bakwai ina kwance a Tudun Jukun,
ƙafar dama cikin ƙarfe,
tun ranar da tirela ta shafi babur ɗina a Kwangila.
Masu dubiya sun zo makon farko da lemo da addu'a.
Mako na uku sai ƙadangare kan katanga
yana gyaɗa mini kai kamar ya san zancen.

Na ƙirga azarar ɗakin nan, sha tara ce.
Na san lokacin da jirgin 'yan koyon tuƙi
ke ratsa rufinmu, ya tafi, ya dawo,
shi ma zagaye yake, amma shi a sama.

Ƙanena Ilu ne ya tura ni ciki.
Ya ce, Yaya, ga masu ciwo irin naka,
ba na ƙafa ba, na dambe.
Mutum ɗari biyu da 'yan kai
cikin wayata mai tsagaggen gilashi,
kowa na kururuwa, ba wanda ya ga fuskar wani.

Kwana tara ban ce uffan ba,
ina leƙe kamar baƙo a gidan biki.
Sai wani Barau, direban tanka a Apapa,
ya ce bahagon Kudu bai iya tsayuwa ba.
Haba!
Ni da na tashi a bayan mahauta,
na ga zare na hawa hannu tun ban yi kaciya ba?
Na danna, na yi magana minti huɗu ban haɗiyi yawu ba.
Da na saki, sai na ji muryata.
Ashe tana nan.

Muka kwana muna musu.
Lantana daga Maraɗi, 'yar Arewa ce ta gidi,
ba ta taɓa yarda an kashe nata ba, sai dai santsi.
Malam Cindo na Samaru, mai koyar da lissafi,
yana ajiye turmi da kisa a littafi kamar bashin kanti.
Barau kuwa har gobe bai tuba ba.

Ranar da aka mai da ni Shika, ƙashi ya ƙi kamawa,
na yi shiru kwana uku.
Gidanmu ma ba kowa ya lura ba.
Wayata ce ta cika:
Ina Mamuda? Wa ya san gidansu?
Da la'asar sai ga wani dogo da jakar leda a bakin gadona,
ya ce, ni ne Cindo.
Na ce, muryarka ta gajere ce.
Muka yi dariya har nas ta leƙo.

Dubu biyu, ɗari biyar, jaka guda ta sefa daga Maraɗi,
Barau ya turo mafi tsoka,
ya rubuta: ka warke, in ci gaba da kayar da kai.

Yanzu ina da benci a Sabon Gari, kusa da PZ,
ina sa caji, ina manna gilashin waya,
wani ɗan zauren ne ya ba ni gefen rumfarsa.
Daren Lahadi ni ke ba su labarin wasa,
turmi bayan turmi, da kalangu a bakina,
har waɗanda suka je filin su ce in sake.

Ƙafar ba ta koma yadda take ba.
Ina ɗingishi, damina na tuna mini.
Kuma ban ce duk alheri ne a ciki ba:
akwai mai zagi, akwai wanda ya ci bashi ya ɓace,
kati ma yana cin kuɗin koko.

Amma jiya da dare wani sabo ya shigo,
lamba kawai, ba suna, ba hoto.
Yana karantawa, ba ya magana.
Na san irin wannan shirun.
Na rubuta masa: Kai, Kudu ko Arewa?

Ina jira.