Hannu Ɗaya a Aljihu

A Ulanbatar, watan da ruwan tulu ke kwana dutse,
na tuɓe rigar ulu cikin duhu,
sai ƙananan taurari suka fashe a kafaɗata,
tas, tas, shuɗaye,
gashina ya miƙe kamar an kira sunansa.
Na kwarma ihu.

Kakata Dulamjab ko kai ba ta ɗaga daga shayinta mai gishiri ba.
Shekara talatin da ɗaya ta yi a tashar lantarki,
babban yatsanta na dama ba farce,
kuma ba ta taɓa gaya mana dalili ba.

Ta ce, wannan wuta ce marar hanya.
Ke kika tara ta, Tsendsuren,
ulu ya gogi fata, takalmi ya gogi darduma,
iska ta bushe, ba danshin da zai ɗauke ta,
sai ta zauna a jikinki tana jira,
kamar baƙuwar da ba a nuna wa ƙofa ba.
Riƙe ɗan makulli, taɓa ƙarfen gado da shi,
bari ta sauka.
Na taɓa. Ta yi ɗan tari, ta wuce.

Ta bango kuwa daban take.
Washegari ta ɗora batir kan teburi,
waya biyu, ƙwan tocila ɗaya.
Ta haɗa, ya kama. Ta zare ɗaya, ya mutu.
Ta ce, kin gani? Ba ta fita sai ta san ta inda za ta komo.
Makunni gada ce kawai, a ɗaga, a sauke.
Ita ba ruwanta da sunan hanya:
tagulla hanya ce,
jiƙaƙƙen hannu hanya ne,
yarinya mai taurin kai ma hanya ce,
in ƙafarta na ƙasa.

Shi ya sa, in ji ta,
ki kashe daga uwa kafin ki taɓa 'ya,
ki gwada da abin gwaji ko da kin rantse kin kashe,
hannu ɗaya a aljihu,
kada ta shiga ta dama, ta bi ta ƙirji, ta fita ta hagu.

Maƙwabcinmu Gombodorj ya gaji da fiyus mai yawan mutuwa.
Hita biyu, tukunyar lantarki, talabijin,
duk a bakin soket ɗaya kamar 'yan tumaki kan uwa.
Ya cire fiyus, ya cusa ƙusa a gurbinsa.
Kaka ta je har gida ta ce masa,
fiyus mai gadi ne da ke mutuwa domin kai,
ka kore shi ka ɗauki wanda ba ya mutuwa?
Ya yi dariya, ya ba ta shayi.
Daren sha ɗaya muka ji warin roba.
Sun fita da yara da bargo ɗaya,
tantinsu ya zama baƙin zobe a kan dusar ƙanƙara.
Kaka ba ta ce na faɗa maka ba.
Ta shimfiɗa musu a gabanmu, kusa da murhu.

Yanzu ni ke hawa tsani a benayen birnin nan,
filayarta mai jan hannu a ɗamarata.

Hunturunta na ƙarshe, na shiga ɗakin asibiti
da rigar ulu, da sauri, na manta makulli.
Na miƙa hannu, ta miƙo nata,
tas,
shuɗin tartsatsi tsakanin yatsu biyu.
Ta yi dariya har tari ya kama ta.
Ta ce, duk abin da na koya miki,
kin kwaso ta tun daga tashar bas
kin kawo mini.
Sannan ta riƙe hannun, ba ta sake ba.