Ƙofa Ta Dubu Takwas Da Tamanin

Ƙarfe biyun dare a Anguwan Rogo.
Sanyin Jos ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa
ya zauna mini a yatsu.
Shayin ya huce, ban sha ba.

Manhajata tana nan kan tebur,
ta haddace farashin kabeji da karas na Farin Gada,
ta san buhun dankali nawa Pam ya ɗora wa mota,
amma bebiya ce.
'Yar'uwarta na can Utako, a kwamfutar Hajiya Lantana,
ita ma haka.
Tsakaninsu sai hanyar Akwanga da ramukanta.

Sai na aro laburaren da wasu suka rubuta,
mutanen da ko sunan garinsu ban sani ba.
Rijiyar bakin hanya ce:
wanda ya haƙa ya wuce,
ya bar guga da igiya.
Layi huɗu na ƙara. Huɗu kacal.

Ashe na'urori ma ba sa afka wa gidan juna babu sallama.
Ta nan ta ce: ina kwana?
Ta can ta ce: lafiya, ke fa?
Ta nan ta ce: madalla.
Sannan a kwance kaya.

Haka takardar bayanin ta ce.
Ni kuwa shiru na samu.
Daƙiƙa talatin tana tsaye a bakin zaure,
ta gaji, ta dawo mini da jan rubutu.
Na zagi kamfanin layi. Na zagi hadari.
Na zargi masu laburaren, Allah Ya yafe mini.
Sai wajen asalatu na gani:
ƙofar ta dubu takwas da tamanin ce,
ni na rubuta dubu takwas da takwas.
Dare guda ina ƙwanƙwasa kango.

Na matsar da sifili ɗaya.

Saƙon ya rabu ƙunshi-ƙunshi,
kowanne da lambarsa a goshi,
ya bi ta inda ban sani ba,
ya haɗe a Abuja kafin in sauke numfashi.
Amsa ta zo, kalma biyu: an karɓa.

Kaka kan ce zumunta a ƙafa take.
Ban musa ba, Kaka.
Sai dai motar Pam ko Hawan Kibo ba ta sauka ba,
Hajiya ta riga ta san buhu arba'in ne,
har ta kira ni
tana neman ragi.