Inda Murya Take Canja Giya

Shekara ashirin da uku ina kira a tashar Ƙofar Durɓi:
Mashi! Mani! Daura, saura mutum ɗaya!
Mashi da Mani daga ƙirji suke fitowa,
in ka ɗora tafinka a kan rigata
za ka ji suna gurnani kamar injin da aka bari a kunne.
Daura kuwa sama nake jefa ta,
ta tsallake rumfar masu shayi,
ta je ta taɓo mai buhun da ke tsaye a hayin titi.

Bana ta fara kuɓuce mini.
Dau ya fita lafiya, ra ya tsage,
wani siririn abu ya biyo baya
irin na ɗan zakaran da ke koyon cara.
Yaran tasha suka sami abin yi.
Har Ɗan'iro mai faci, da ba a san shi da zolaya ba,
ya ce, Lawandi, balaga ce ta sake zagayowa?

A asibiti, likita Murjanatu
ta zura mini waya ta hanci, da 'yar fitila a bakinta,
ta juyo allo ta ce, ga gonarka.
Na duba.
'Yan leɓɓa biyu ne farare, a jiƙe,
ba su fi farcen babban yatsana ba.
Ashe da waɗannan na yi rufin kwano,
da su na biya kuɗin makarantar yara huɗu.

Ta ce, yi ƙasa. Na yi ƙasa.
Suka gajarce, suka yi kauri,
suna tafa wa juna da dukan jikinsu.
Ta ce, hau. Na hau.
Suka miƙe kamar fatar kalangu an matse shi a hammata,
suka sirance, gefe kaɗai ke karkarwa,
iska na sulalewa ta tsakani.

Ta ce, tsoka biyu ke riƙe da su,
ɗaya tana tattarowa, ɗaya tana ja.
Akwai matakin da dole wannan ta sassauta,
waccan ta karɓi kayan a hankali.
Taka ta ƙasa ba ta yarda ta saki,
sai an fizge a hannunta.
Wannan fizgar ce yaran suke yi wa dariya.

Na ce, giya ke nan ba kuloci.
Ta ajiye biro ta dube ni,
ta ce, sai na ari wannan in gaya wa ɗalibaina.

Ba allura, ba ƙwaya.
Kofin ruwa ta ce, da bututun shan lemo,
in hura ina jiniya daga ƙasa zuwa sama,
ban da ƙarfi, ban da sauri.
Gardi da furfura a gemu yana tada kumfa a zaure bayan asuba!
Uwargida ta leƙo sau ɗaya, ta koma ba ta ce komai ba,
amma na ji buta ta faɗi.

Sati shida kafin na gane wurin.
Yana nan daf da inda ƙirji ke daina rawa,
goshi da karan hanci su fara.
Rami ne, irin na hanyar Mashi.
Direban da ya san shi ba ya taka mai,
ɗaga ƙafa yake yi.
Ni kuwa shekara ashirin da uku
ina faɗa masa da gudu, mota cike da lodi.

Jiya da hantsi na ja numfashi,
na sassauta kafin in iso,
na ce Daura.
Ta haye ba ko gargada, ta tsallake masu shayi,
wata tsohuwa da ƙullin kaya ta waiwayo,
ta tako har gabana a hankali,
ta ce, ɗan nan, ina ake shiga motar Jibiya?