Cikin Kabewa

Sada ne ya jawo mana.
Ya tafi Japan koyon noman shinkafa,
sai ga shi a waya yana haska mana wani taro:
kowane gari da dodonsa na soso,
wannan albasa ce mai ƙafafu,
wancan kifi ne da hula,
manya da furfura sun yi layi suna jefa masu ƙuri'a
kamar su ne za su kawo ruwan famfo.
Muka yi dariya a shagon Mamuda Tela
har allurarsa ta ɓace.

Wata bai zagayo ba
samarin Ƙofar Sauri suka ɗinko Tattasai.
'Yan Rafindaɗi suka ce su Tulu ne.
Mu a Ƙofar Guga kwana uku muna gardama,
sai tsohuwar katifar Inna Turai ta raba mu:
sosonta ya yi jawur, ya kumbura,
ba abin da zai fito daga ciki sai kabewa.

Wa zai shiga?
Kowa ya dubi takalminsa.
Ni ne gajere, ni kuma ake bi bashi.
Aka ce dubu biyu, da lemo mai sanyi.
Doka ɗaya ce, in ji Sada:
dodo ba ya magana.

A ciki duniya ta koma 'yar taga mai raga
daidai bakin kabewar.
Warin barcin shekara ashirin.
Zufa tana bin gadon bayana kamar jerin tururuwa,
hancina yana ƙaiƙayi, hannu ba ya kai.
Na ɗaga ƙafa, yara suka yi ihu.
Na juya ƙugu, mata suka riƙe ciki.
Ashe rawa ba ta da wuya
in ba fuskarka za a kai gida ba.

Alhaji Lawandi, mai bina kuɗin buhun masara,
wanda nake sauya lungu saboda shi,
ya rungume ni har sosona ya lotsa,
ya ce wa yaronsa, ɗauke mu, ɗauke mu da kyau.
Shekara arba'in da ɗaya a Katsina
ba wanda ya taɓa roƙon hoto da ni.

Ƙuri'ar marfin kwalba ce, bokiti uku a filin makaranta.
Tulu ya zame ya faɗa kwata,
ya miƙe da laka har wuya yana ɗaga hannu,
nan take bokitinsa ya hau ƙara.
Tattasai bai yi rawa ba ko kaɗan,
amma an ga ƙaninsa tun da safe
yana fitowa daga shagon mai lemo da rabin buhu.

Bayan la'asar Malam Tukur ya ƙirga, ya sake ƙirgawa.
Tattasai ɗari shida da sha biyu,
a taron da bai kai mutum ɗari uku ba.
Aka ce maguɗi, aka ce sai kotu,
aka kira Sada, can dare ya raba,
ya ce cikin magagi: a nan ma an sha yin haka.
Kabewa ta zo ta uku.
Mamuda ya ce ai ta uku ma matsayi ne.

Ina jingine da bango ina jiran a kwance ni
sai ga Hajjo, autata, da marfinta a dunƙule.
Ba ta dubi manyan idanun nan na yadi ba.
Ƙasa ta duba,
inda babban yatsana mai fasasshen farce
ya leƙo daga ƙarƙashin soso.

Ta matso bakin ragar, ta rage murya:
Baba?

Doka doka ce. Na yi shiru.

Ta buɗe tafin kabewa,
ta ajiye marfin a ciki, ta naɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya.
Wannan dai Malam Tukur bai ƙirga shi ba.
Dubu biyun ta tafi wurin Lawandi.
Marfin yana aljihun gaba,
wani lokaci yakan soke ni in na yi ruku'u.