Jiƙon Baƙuwa

Na tsinko ganyenta bayan katanga a Samaru,
inda ta yi kaka-gida da fure ja da ruwan ɗorawa.
A littafi sunanta lantana.
Na yi dariya, sunan gwaggona ke nan,
wadda ko kaza ba ta taɓa kora daga tsakar gida ba.

Na shanya, na daka, na jiƙa kwana guda,
na tace har ruwan ya koma kamar shayi.
Farantin gilashi goma,
kowanne ƙwayar dawa ashirin.
Biyar suka sha ruwan famfo,
biyar suka sha jiƙon baƙuwa.

Ran Laraba na famfo suka fasa baki,
farar saiwa kamar zaren da ya kufce wa allura.
Sha takwas, sha tara, ashirin cif.
Ɗaya gefen, shiru.
Ƙwaya ta sha, ta kumbura,
ta ƙi tashi.
Ukun da suka yi ƙarfin hali
saiwarsu ta ƙone a baki, ta nannaɗe.

Malam Tanimu mai shara ya leƙo ta kafaɗata:
"Haka gefen gonata yake a Bomo.
Taku huɗu daga shingen furen nan
ko ciyawa ba ta leƙowa.
Iri na zarga,
har na daina gaida wanda ya sayar min."

Na rubuta: uku cikin ɗari.
Shi kuwa ya jingine tsintsiya,
ya ce gobe zai bi ta Sabon Gari,
akwai mai bin sa bashin gaisuwa.