Kundin Ruwa a Kendal

Ƙarfe tara na safe nakan ja gyale,
in fita bayan gida cikin takalmin roba,
in ɗaga mazurarin tagulla,
in tsiyaye abin da dare ya bari a kwalba.
Milimita sha ɗaya da ɗigo huɗu.
Ina faɗa, Mista Birkett na rubutawa a bakin taga,
hannu na rawa, lamba na fita a karkace.

An ɗauke ni don magani da gyaran shimfiɗa.
Awon ruwa ba ya cikin takardar aikina.
Gwiwarsa ce ta ƙi matakala,
shi kuwa shekara hamsin da ɗaya bai tsallake safiya ba,
har ranar da aka binne matarsa.

"Da," in ji shi, "yayyafi ne kullum, kamar mita.
Yanzu sai ya ɗauke ƙafa mako uku,
ciyawa ta yi ja, tumaki su bi gindin katanga,
sannan ya biya bashin wata a dare ɗaya,
kogi ya shiga gidan burodi babu sallama."

Ya sa na sauko da kundi na uku daga kanta.
Saba'in da shida, tsakiyar shekara:
sifili, sifili, sifili,
jere kamar ƙwan zabo.

Na yi shiru. Na tuna kakana Ɗanliti a Maigatari.
Shi igiyar guga ce kundinsa,
kowace shekara sai ya ƙara mata gaba guda,
har ta fi ƙarfin kafaɗa.
Sun fita fili da riguna a juye,
sun dawo, sama wayam.
Shanu tara, ya binne bakwai.

Jiya ƙanina ya turo hoto ta waya:
gero tsaye cikin ruwa har wuya,
katangar zaure ta durƙusa.
Ruwan da tsoho ya roƙa ne ya iso
bayan mai roƙon ya daɗe a ƙasa?

Na ce, "To duk wannan lissafi, ina ya nufa?"
Ya cire tabarau, ya goge da bakin riga.
"Ni guntu na gani. Ruwa ya fi ni tsawon rai.
Wani zai haɗa nawa da na wasu."

Yau kwalba a bushe.
Na ɗaga masa ita ta taga, na juya baki ƙasa.
Ya kaɗa biro: a rubuta.
Sifili ma awo ne.